Nazarin lamari: yadda aka samo wa wani ɗan kabu-kabu a Sakkwato mai kula da shi kan ƙwaya da ciwon damuwa

An tsara wannan lamari ne daga irin abin da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa suke yawan gani a Sakkwato da kewaye, ba tare da sunan kowa ko unguwarsa ba.

Saurayi ne ɗan shekara 24, yana kabu-kabu da babur ɗin wani, kullum da yamma ya kai balas. Asalinsu mutanen wani ƙauye ne a gabashin jihar. Sun taso zuwa birni bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu, aka kashe mahaifinsu yana kallo. Yana zaune a gidan haya da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu, yayansa kuma, malamin firamare, shi ke ɗauke da gidan.

A tasha ya fara shan tiramol, ƙwaya ɗaya da safe don ya jure rana da zaman babur. Cikin shekara biyu ya kai uku zuwa huɗu a yini, kuma irin mai lamba 225 yake sha. Wato miligiram 675 zuwa 900 ke nan kullum. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ko ga mai tsananin ciwo, kuma ƙarfin da hukuma ta amince a sayar a Nijeriya 50 ne da 100. Masu 200 da 225 da 250 duk ta bayan fage suke shigowa. Da dare barci ba ya zuwa, in ya zo kuma da mafarkin ranar harin yake zuwa, sai ya ƙara da diyazafam, wadda samari ke ce wa D5, biyu ko uku. Gida ba su san komai ba sai ranar da ya faɗi a bakin ƙofa yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa.

Wata bakwai da suka tafi a banza

Wurin farko da aka kai shi kemis ne. Aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu da allurar barci, aka ce an wanke jinin. Ƙarin ruwa yana da amfani ga wanda amai da zawo suka ƙarar, amma ba ya taɓa abin da ke jan mutum zuwa ƙwaya, don wannan a ƙwaƙwalwa yake. Kwana biyu ya koma tasha.

Sai yayan ya kulle shi a ɗaki, da niyyar in ya yi mako bai sha ba zai manta. Wannan shi ne mataki mafi haɗari da suka ɗauka, kuma shi ne wanda iyalai suka fi ɗauka. Idan mai shan tiramol da yawa ya tsaya farat ɗaya, cikin awa 12 zuwa 24 sai hamma da hawaye da majina da gumi su fara, gaɓoɓi su ɗau ciwo. A kwana na biyu da na uku abin ya fi tsanani: amai, zawo, murɗawar ciki, rashin barci. Tiramol tana da nata ƙari a kan sauran 'yan uwanta irin su kodin, don tana taɓa sinadaran da magungunan damuwa suke taɓawa, shi ya sa wasu ke firgita, su ruɗe, su ji kamar ana ja musu lantarki a ka, wasu har su ji muryoyi. Duk da wahalarsa, wannan yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, sai dai a zafin Sakkwato amai da zawo kaɗai sun isa su busar da mutum. Diyazafam ce mai iya kisa. Tana daɗewa a jiki, don haka illar yanke ta ba ta fitowa nan take, sai bayan kwanaki, lokacin da gida suka fara murna. A kwana na biyar ya sake jijjiga a ɗakin, ya fasa leɓe. Aka danna masa cokali a baki, aka watsa masa ruwa. Duka biyun kuskure ne. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a sa masa komai a baki, in ya wuce minti biyar ko ya maimaita a garzaya asibiti.

Daga nan dangi suka ce iska ce ko sammu, aka kai shi wani gidan mari a wajen gari. Ya yi wata biyu da mari a ƙafa. Ya fito a rame, da gyambo a idon sawu, bai cika mako ba ya koma sha, ya kuma daina yi wa yayansa magana. Masu tunanin irin wannan wuri su tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fitar da mutum wajen 300, da yawansu a ɗaure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, ba da azabtarwa ba. Addu'a da ruƙiyya dabam, mari da bulala dabam. Na farkon yana tafiya tare da magani lafiya lau, kamar yadda za a gani a gaba.

Na ƙarshe wani ne a WhatsApp da ya kira kansa ƙwararre, ya karɓi kuɗi ya aiko da garin magani, ya ce kwana 21 an rabu da ƙwaya har abada. Bai taɓa tambayar me yaron yake sha ba.

Abin da ya haɗa waɗannan huɗun shi ne babu wanda ya zauna da saurayin ya tambaye shi me yake sha, nawa, tun yaushe, me kuma yake hana shi barci.

Wa ake nema, kuma a ina

Mutane kan ce "likitan ƙwaƙwalwa" su haɗa ma'aikata huɗu a suna ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta. Likitan ƙwaƙwalwa na ainihi likita ne da ya gama karatun likitanci ya ƙware a wannan fanni. Shi ke tantance ciwo, ya rubuta magani, ya yanke hukuncin kwantarwa, ya tsara yadda za a janye ƙwaya. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta magani. Aikinsa zaman tattaunawa ne mai tsari, mako-mako, don sauya tunani da ɗabi'ar da ke riƙe da shaye-shayen. Akwai nas mai horo na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda a zahiri shi majiyyaci ya fi gani. Sai jami'in walwala na asibiti, mai bin sawun gida da sana'a da kuɗin magani.

Ga wanda ya taɓa jijjiga, ko yake haɗa ƙwaya biyu, ko ya taɓa maganar kashe kansa, likita ake fara gani, mai tattaunawa ya biyo baya. In aka juya tsarin, za a yi ta hira da mutumin da jikinsa bai ba shi damar sauraro ba.

Masu wannan aiki kaɗan ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kawai. Duk da haka Sakkwato ta fi jihohi da dama sa'a. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a hanyar Illela, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga birni ba, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin neman shawara kyauta da ta buɗe a 2022, 0800 1020 3040.

Abu biyu suka tsayar da wannan iyali. Na farko sunan Kware, wanda a bakin mutane ya zama daidai da hauka. Uwar ta ce in aka ji an kai shi can, wa zai ba shi mata, wa zai nemi ƙannensa. Na biyu tsoron kada asibiti ta miƙa shi ga hukuma. Wanda ya kai kansa neman magani majiyyaci ne, kuma riƙe sirrinsa wajibi ne a kan likita da nas. Wani nas maƙwabcinsu ne ya yi wa yayan wannan bayani, ya kuma ba shi shawarar kada a yaudari yaron a ce za a je gaisuwa sai ya ga kansa a asibiti. Yayan ya same shi bayan sallar isha'i, su biyu kaɗai, ya ba shi haƙuri kan marin, ya ce likita kawai za a gani kan jijjigar da rashin barcin. Saurayin ya ce: "Yaya, in dai ba ɗaure ni za a yi ba, ni ma na gaji." Suka zaɓi ɗaya daga asibitocin nan biyu.

Kafin a miƙa ɗa ga kowane mai cewa yana wannan aiki, na gwamnati ko na kuɗi, akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne a yi su. Me ka karanta, a wane asibiti kake aiki? Likita yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, nas da majalisar nas-nas da ungozoma, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi. In jijjiga ta zo da dare, wane likita za a kira? Zama nawa za a yi, minti nawa, nawa ne kuɗin kowane zama? Me za a gaya wa iyaye, me za a riƙe? In ya koma sha, me za a yi? Wanda ya amsa ta ƙarshen nan da cewa a hannunsa ba a komawa, a tashi a bar masa wurinsa. Haka wanda ya yanke ranar warkewa tun bai ga majiyyaci ba, da wanda ya hana dangi ziyara, da mai sayar da maganin da babu suna a jikinsa.

Ranar farko a asibiti

Suka je da sassafe, suka yanki kati. Yayan ya yi dabara ɗaya mai kyau: ya tattaro fankon sacet ɗin ƙwayoyin da ya samu a aljihun ƙanensa ya kawo, don sunan da ake kiran ƙwaya a tasha ba ya gaya wa likita ƙarfinta. Ganawar ta ɗauki kusan awa ɗaya, rabi da saurayin shi kaɗai, rabi da uwar da yayan. Uwar ta ce: "Likita, yaron ga ba haka ya taso ba, tun da aka kashe babansu ya canza." Wannan jimla ɗaya ta fi duk abin da aka faɗa a wata bakwai amfani.

An yi masa tambayoyin ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ke auna girman haɗarin kowace ƙwaya. Maki 27 zuwa sama babban haɗari ne, shi kuwa ya samu 34 a tiramol. An yi masa PHQ-9, tambayoyi tara na ciwon damuwa masu maki 0 zuwa 27, ya samu 19. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce, ya kuma amsa cewa yakan ji gara ya mutu ya huta. Likita ya tambaye shi kai tsaye ko ya shirya wata hanya. Iyalai kan tsorata da wannan tambaya, suna ganin kamar tuna wa mutum ake yi, alhali tambayar ba ta sa wa kowa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Aka ce wa yayan ya kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari da tarin magunguna daga gidan tun ranar.

Aka ɗebi jini don duba hanta da ƙoda da sukari, don tiramol kan saukar da sukarin jini, aka kuma gwada fitsari. A nan akwai abin lura: tsinken gwaji na gama-gari da ke kama kodin ba lallai ya kama tiramol ba, sai wanda aka yi dominta. Iyaye da dama sun sayi tsinke a kemis, ya nuna babu komai, suka saki jiki.

Ba kowane mai shan tiramol ake kwantarwa ba. Da yawa daga gida suke zuwa ana rage musu. Shi an kwantar da shi saboda dalili huɗu da suka taru: jijjiga sau biyu, haɗa ƙwaya biyu, tunanin mutuwa, da gidan da babu mai iya tsaronsa dare da rana. Ya yi mako uku. An janye tiramol a hankali ana ba shi maganin ciwon jiki da na amai da na zawo da ruwan gishiri da sukari. Diyazafam kuwa an tsara rage ta kaɗan-kaɗan har bayan sallama, tsawon makonni, yayan ne ke riƙe da ita yana ba shi ta kowace rana.

Ba a fara maganin damuwa a ranar farko ba, da gangan. Ƙwaya da janyewarta suna kawo baƙin ciki da kasala masu kama da ciwon damuwa, waɗanda kan washe da kansu cikin makonni kaɗan. Sannan haɗa tiramol da magungunan damuwa irin su sataralin ko amitiriftilin yana ƙara haɗarin jijjiga, yana kuma iya kawo zazzaɓi da makyarkyata da ruɗewa. Da aka sake auna shi a mako na uku makinsa na 16, mafarkin kuma bai daina ba, sai aka fara masa sataralin. Aka gaya musu sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, don kada su yar da shi a kwana na biyar su ce ba ya yi.

Mai tattaunawar farko bai dace ba

Nan ne neman ya koma sabo. Masanin halayyar da aka fara haɗa shi da shi ƙwararre ne, amma Hausarsa ba ta nisa, sai yayan ya zama tafinta. Zama uku aka yi, saurayin ba ya cewa komai sai "lafiya lau". Dalilin a fili yake ga wanda ya san gidan Bahaushe: ƙane ba zai zauna gaban yayansa ya faɗi yadda ya ɓuya yana kallo aka kashe ubansu ba, balle ya faɗi nawa ya ɗauka a kuɗin Inna. Ba a yin wannan aiki da tafinta ɗan gida. Yayan ya nemi a sauya, kuma haƙƙinsu ne su nema. Aka haɗa shi da wani nas mai horon tattaunawa, Bahaushe, yana aiki ƙarƙashin kulawar masanin. In zama uku ko huɗu suka wuce majiyyaci bai buɗe baki ba, ko ya fara ƙin zuwa, a duba harshe, a duba jinsi, a duba wa ke zaune a ɗakin, kafin a ce taurin kai ne. Mace, musamman matar aure, sau da yawa sai da 'yar uwarta mace take sakewa.

Zaman minti 45 ne zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, aka tsara guda 12 kafin a koma bayan mako biyu-biyu. Nas ɗin bai fara da wa'azi ba. Ya tambaye shi me ƙwayar take yi masa na daɗi, me kuma ta ci masa, ya bar shi ya yi lissafin da bakinsa: fiye da rabin abin da yake samu a yini, da amincin uwarsa. Sai suka zana yininsa awa-awa suka gano lokuta uku da sha'awar ke tasowa: da safe in ya isa tasha ya ga abokan sha, da azahar in rana ta take, da dare in ya farka daga mafarki. Kowanne aka yi masa abin yi. An koya masa cewa sha'awar tana hawa ne ta sauka, yawanci cikin minti 15 zuwa 30, don haka aikinsa ya cinye wannan lokaci: ya bar wurin, ya yi alwala, ya sha ruwa, ya kira yayansa. Aka goge lambobin masu sayarwa daga wayarsa, kuɗi kuma ya daina kwana a aljihunsa. Maganar ranar harin ba a taɓa ta ba sai a zama na bakwai, bayan barci ya ɗan daidaita, don tono irin wannan rauni da wuri yakan mayar da mutum ga ƙwaya.

An yi zama biyu da iyali. Aka roƙi uwar ta daina binciken aljihu a gaban ƙannensa, ta kuma daina biyan bashin da ya ci a ɓoye. Limamin unguwarsu, wanda uwar ta yarda da shi, ya ci gaba da yi masa addu'a, da sharaɗi ɗaya da aka yi a fili: babu mai cewa a ajiye maganin asibiti. Da azumi ya zo, likita ya mayar da shan maganin zuwa lokacin sahur.

Hukunci mafi ɗaci shi ne na babur. Wanda ya yi jijjiga bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai likita ya tabbatar ta tsaya. Aka samo masa tsaron shago a kasuwa wurin wani abokin yayansa, kuɗin bai kai na kabu-kabu ba.

Mako na goma

Ana saura kwanaki sallah, yana son yi wa ƙannensa ɗinki, ya ari babur ya koma tsohuwar tasharsa. Kafin azahar ya sha mai 225 guda biyu, rabin abin da ya saba sha a da. Jijjiga ta kama shi a gindin bishiya, Allah ya sa ba a kan titi ba. Bayan makonni babu ƙwaya jiki ya daina jure abin da ya saba jurewa, ga kuma sataralin a jininsa. Shi ya sa wanda ya fito daga asibiti ko gidan yari ya fi kowa shiga haɗari in ya koma sha.

Komawa sha ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kusa da abin da ake gani a hawan jini da asma. Bambancin wannan karo da na baya shi ne gida sun san wa za su kira. An kai shi sashen gaggawa, likitansa ya gan shi washegari, aka ci gaba da zaman mako-mako, aka ƙara guda shida. Nas ɗin ya ɗauki ranar ya warware ta da shi daki-daki, suka ga cewa matsalar ta fara ne tun mako biyu kafin nan, lokacin da ya fara lissafin kuɗin ɗinki bai gaya wa kowa ba. Wani kawunsu ya ce a mayar da shi gidan mari, uwar ce da kanta ta ƙi.

A wata na takwas da fara zuwa asibiti, an gama janye diyazafam, gwajin fitsari uku a jere bai nuna tiramol ba, makinsa na damuwa ya sauko zuwa 7. Mafarkin yana zuwa kamar sau biyu a mako maimakon kullum. Zai ci gaba da sataralin aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, kuma in za a daina a hankali za a rage. Yana ganin nas ɗin sau biyu a wata, likita kuma sau ɗaya. Har yanzu yana tsaron shago, yana kuma tambayar yaushe zai koma kan babur. Likita ya ce za su sake duba maganar a ganawarsu ta wata mai zuwa.